Yadda Ake Bibiyar Sakamakon Jinya Don Auna Ingancin Aikin Asibiti

Shugabannin ɗakunan jinya da masu riƙe da rajistar asibiti suna yawan maimaita tambaya ɗaya: ta yaya za mu tabbatar majinyatanmu suna samun sauƙi, kuma ta ina ake farawa? Kusan kowane asibiti ya san mutum nawa ya gani a wata da tiyata nawa aka yi. Amma wannan ƙidayar aiki ce kawai. Ba ta faɗin mutum nawa suka warke, nawa suka dawo da ciwo, nawa suka rasu a gida bayan sallama. Ga matakan bi da bi. Za a riƙa buga misali da ruɓewar wurin yanka bayan haihuwa ta tiyata, kuma duk alƙaluman da aka gabatar da "a ce" na koyon lissafi ne.

1. Zaɓi sakamako ɗaya

Sakamakon da ya cancanci bibiya sai ya cika sharuɗɗa huɗu: yana faruwa a kai a kai, yana cutar da majinyaci sosai, aikin ma'aikata zai iya rage shi, kuma ana iya gane shi da kayan da ke hannu. Waɗanda aka fi aunawa sun haɗa da mutuwa cikin kwana 30 bayan tiyata, ruɓewar wurin yanka, sake kwantar da mutum cikin kwana 30 da sallamarsa, masu hawan jini da awonsu ya sauka ƙasa da 140/90, da masu shan maganin ƙanjamau da ƙwayar cutar ta yi ƙasa da 1000 a kowace mililita ta jini.

Ku haɗa shi da ma'auni biyu na rakiya. Na farko ma'aunin aiki ne, wato abin da hannun ma'aikaci ke yi wanda ke shafar sakamakon, kamar ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a sa wuƙa. Na biyu ma'aunin kariya ne, wanda zai nuna idan gyaran ya haifar da wata matsala a gefe, kamar tsawaitar kwanan asibiti ko yawan rubuta magani ba bisa buƙata ba.

Gargaɗi: kada ku ɗauki ma'auni goma a tashin farko. Fom zai yi tsawo, ma'aikata su gaji, bayan wata biyu a daina cikewa. Haka kuma a ƙaramin asibiti mutuwa kaɗai ba ta isa ma'auni ba, domin ba ta faruwa da yawan da zai nuna sauyi da wuri.

2. Rubuta ma'anarsa a takarda ɗaya

Nan ne aiki yake tsayawa ko ya rushe. Idan malamar jinya ta safe tana kiran jan fata "ruɓewa", ta dare kuma sai ta ga mugunya, alƙalumanku za su riƙa hawa da sauka bisa wanda ke bakin aiki.

Takardar ta amsa tambayoyi huɗu. Wa ake ƙirgawa a matsayin wanda abin ya same shi? Cikin su wa? Cikin kwana nawa? Wa aka cire, kuma don me?

Game da wurin yanka, ma'anar da aka fi amfani da ita ita ce ciwon da ya bayyana cikin kwana 30 da tiyata, tare da ɗaya daga cikin waɗannan: mugunya na fita daga yankan, ko gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a ruwan da aka ɗebo cikin tsabta, ko likita ya buɗe ɗinkin saboda zafi da kumburi da ja, ko likitan da ya duba ya tabbatar da ciwon. Ana raba shi mataki uku: na fata, na nama mai zurfi, da na cikin ciki ko mahaifa. Ga tiyatar da aka dasa ƙarfe ko roba a jiki, wa'adin yakan kai kwana 90. Ku rubuta ƙarara cewa ranar tiyata ita ce rana ta 1, don kada kowa ya yi nasa ƙirgen.

Kada ku ƙirƙiro ma'ana inda akwai wadda duniya ta yarda da ita. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutuwar uwa ita ce wadda ta faru da juna biyu ko cikin kwana 42 bayan ƙarewar cikin, ta dalilin cikin ko kulawar da aka yi masa. Mutuwar jariri sabon haihuwa ita ce ta kwana 28 na farko. Mai tarin fuka kuwa ana cewa ya ɓace daga bibiya idan ya katse magani wata biyu a jere ko fiye.

Kafin ku fara, ku ba ma'aikata biyu fayil 20 iri ɗaya, kowa ya yanke hukunci shi kaɗai. Duk inda suka saɓa, ma'anar ce ke da giɓi, sai a toshe shi.

Gargaɗi: idan tilas ta sa kun sauya ma'ana a tsakiyar aiki, ku rubuta ranar, kuma kada ku kwatanta alƙaluman baya da na gaba kamar abu ɗaya ne.

3. Tsayar da adadin ƙasa

Kowane kaso yana da adadin sama, wato waɗanda abin ya sama, da adadin ƙasa, wato duk waɗanda zai iya samu. Mutane sukan ba na sama muhimmanci su manta da na ƙasa, alhali a nan aka fi yin kuskure.

Ku ɗauki adadin ƙasa daga rajistar ɗakin tiyata, domin duk wadda aka yi wa aiki sai ta bi ta can. Rajistar ɗakin kwanciya takan tsallake wadda aka wuce da ita sashen kulawa ta musamman, da wadda ta rasu kafin a dawo da ita, kuma su ne mafi tsananin ciwo. Wadda aka tura wani asibiti da wadda danginta suka ɗauke ta ba da yardar likita ba, duk suna nan cikin lissafi. Cire su yana ƙawata alƙaluma ne kawai, ba ya warkar da kowa.

Ga cututtukan da ke biyo robar fitsari ko ta jijiya, ana ƙirga kwanakin roba ne maimakon mutane. Kullum a lokaci guda, a ƙirga majinyata nawa ke ɗauke da robar, a tara a ƙarshen wata. A ce an sami ciwo 4 cikin kwanakin roba 800: a raba 4 da 800 a ninka da 1000, ya ba da 5 cikin kowane kwana 1000.

4. Izini da sirri

Ku sanar da shugabancin asibiti a rubuce. Idan akwai niyyar wallafa sakamakon, ko za a yi wa majinyaci wani abu da ya wuce kulawar yau da kullum, sai an bi ta kwamitin ɗa'ar bincike tun kafin a fara. Kowane majinyaci a ba shi lamba, sunaye da lambobin waya su zauna a littafi daban da ake kullewa. Kada a tura hoton fayil ko na ciwo mai ɗauke da suna ta zaurukan WhatsApp.

5. Tsara fom da kayan aiki

Shafi ɗaya ya isa. Duk tambayar da ba ku san yadda za ku yi amfani da amsarta ba, ku cire ta. Abin da ya kamata ya kasance a ciki:

- lambar majinyaciya, shekaru, ranar kwanciya, ranar tiyata, ranar sallama
- tiyatar gaggawa ce ko wadda aka tsara
- matakin lafiyarta kafin aiki bisa ma'aunin ASA na likitocin maganin barci, daga 1 mai ƙoshin lafiya zuwa 5 wadda ke bakin mutuwa
- ajin tsabtar yankan, daga 1 mai tsabta zuwa 4 mai datti
- awa nawa ta yi tana naƙuda, da awa nawa tun fashewar faya
- yawan jini, ciwon suga, ƙiba
- lokacin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, lokacin sa wuƙa, lokacin gama ɗinki
- sakamako a kowace ranar bibiya

Ku yi amfani da akwatunan zaɓi maimakon rubutu mai tsawo, kuma kowace tambaya ta sami gurbin "ba a sani ba". Gurbin da aka bari fayau ba a san ko "a'a" yake nufi ko mantuwa ba.

Takarda da Excel sun wadatar ga ɗakin jinya ɗaya. Idan wurare da yawa ne, manhajojin KoboToolbox da ODK suna karɓar bayani a waya ko babu intanet, su tura daga baya. Inda asibiti ke amfani da DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, ku duba ko abin da kuke nema yana ciki kafin ku ɗora wa mutane sabon fom.

Babban abin da aikin ke ci shi ne lokacin ma'aikaci. A ce ana tiyata 40 a wata, kowace mace kira biyu na minti 5: minti 400 ke nan, kuma da sake kiran waɗanda ba su ɗauka ba zai iya ninkawa. Ku ƙara kuɗin kiran waya, bugun fom, da awa biyu zuwa uku a mako na shigar da bayani. A ware wa mutum ɗaya wannan lokaci a jadawalin aiki, da sunansa da na mai riƙe masa idan ba ya nan.

Gargaɗi: ku gwada fom a kan majinyata 10 kafin ku buga da yawa.

6. Bibiya bayan sallama

Ana sallamar mai jego cikin 'yan kwanaki, kuma ciwon yanka sau da yawa sai ta koma gida yake bayyana. Asibitin da ke ƙirga abin da ya gani a kan gado kaɗai zai ɗauka ba shi da matsala.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun ranar kwanciya za a karɓi lambar waya biyu, tata da ta wani na kusa da ita, a kira nan take a ji wayar ta yi ƙara. A gaya mata za a kira, da ranakun, da dalili, a kuma nemi yardarta. A tambaye ta ko ta amince a yi maganar lafiyarta da mai lamba ta biyu.

A duba yankan ranar sallama, a sake dubawa ranar cire zare ko zuwan awon bayan haihuwa, sannan a kira wajen rana ta 15 da rana ta 30. Tambayoyin su zama iri ɗaya ga kowa, a karanta su daga takarda. Akwai ruwa ko mugunya da ke fita? Wurin ya yi ja, ya kumbura, ko zafinsa na ƙaruwa? Ɗinkin ya buɗe? Kin yi zazzaɓi? Kin je wani wuri neman magani, kuma me aka ba ki? An sake kwantar da ke? Tambayar "lafiya dai ko?" ba ta da amfani a nan, domin kusan kowa "lafiya lau" zai ce. Duk wadda ta amsa e ga ɗaya daga ciki, a gayyato ta a duba da ido, a yi mata magani. Jinyarta ce kan gaba, cike fom ya biyo baya.

A wannan kiran ne ya fi sauƙi a ji ta bakin majinyaciya kanta. A tambaye ta tsananin zafi daga 0 zuwa 10, da ko ta koma ayyukanta. Mai son ma'auni tsayayye zai iya neman EQ-5D, mai tambaya biyar a kan tafiya, kula da kai, ayyukan yau da kullum, zafi, da damuwa. Ana rajista da masu shi kafin amfani, kuma fassarar da suka tantance ake ɗauka.

A gwada kira sau uku, a ranaku da lokuta daban, kafin a rubuta "ba a same ta ba". Kuma kullum a faɗi kaso nawa aka samu. A ce an yi tiyata 120, an sami mata 90 a rana ta 30, 9 suna da ciwo. Kashi 10 cikin 100 ke nan na waɗanda aka samu. Idan sauran 30 duk lafiyarsu ƙalau, adadin ya sauka zuwa 7.5. Idan duk suna da ciwo, ya haura zuwa 32.5. Gaskiya tana tsakanin nan, kuma faɗin tazarar yana nuna cewa aikin farko shi ne gyara bibiya.

Gargaɗi: kada a taɓa rubuta wadda ba a samu ba a matsayin wadda ta warke. Wata ba ta ɗauki waya ba ne saboda tana kwance a wani asibiti.

7. Tantance bayani kowane mako

A kwatanta yawan fom da rajistar tiyata, su zo daidai. A zaɓi fom ɗaya cikin kowane goma, wani mutum daban ya gwada shi da fayil na asali. A nemi abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar sallama kafin ranar tiyata ko lamba ɗaya sau biyu. Kuskuren da aka gano cikin mako ana iya tambayar wanda ya rubuta, wanda ya kwana wata uku kuwa ya tafi ke nan.

8. Lissafi da daidaita nauyin ciwo

A raba adadin sama da na ƙasa a ninka da 100, kuma a rubuta duka biyun a gefen kason, misali 9 cikin 90. Ƙananan adadi suna ruɗi. Inda ake tiyata 20 a wata, mace ɗaya kashi 5 ce, mata uku kashi 15, kuma wannan tsalle zai iya faruwa ba tare da komai ya sauya ba. Idan adadin tiyatar wata bai kai 30 ba, gara a haɗa wata uku. Sifili ma ba shaida ce ta kuɓuta ba. Akwai ƙa'idar uku: idan ba a ga ko ɗaya ba, a raba 3 da yawan majinyata, abin da ya fito shi ne kimanin iyakar da haɗarin zai iya kaiwa. Sifili cikin 50 yana iya ɓoye har kashi 6.

Kafin a kwatanta sashe da sashe, a duba irin majinyatan kowanne. Hanya mafi sauƙi ita ce rarrabewa: gaggawa daban, tsararriya daban, ASA 1 da 2 daban, 3 zuwa sama daban. Mataki na gaba shi ne kwatanta abin da aka gani da abin da ake tsammani. A ce a asibitin gaba ɗaya ciwon yanka kashi 12 ne a tiyatar gaggawa, kashi 4 a tsararriya. Sashe na ɗaya ya yi gaggawa 80 da tsararriya 20, abin tsammani 10.4, ya sami 9. Sashe na biyu ya yi gaggawa 20 da tsararriya 80, abin tsammani 5.6, ya sami 7. A ido sashe na biyu ya fi kyau, 7 a kan 9. Amma idan aka raba abin da aka gani da abin tsammani, na ɗaya 0.87 ne, na biyu 1.25. Ƙasa da 1 ya fi yadda ake zato kyau, sama da 1 yana neman a duba. Da adadi kaɗan irin wannan, dalilin buɗe fayiloli ne kawai, bai kai hujjar yanke hukunci ba.

Gargaɗi: jera sunayen likitoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba tare da wannan daidaitawa ba yana koya wa mutane gudun majinyaci mai tsanani da ɓoye matsala.

9. Zana layin lokaci

Kwatanta "kafin" da "bayan" da lamba biyu kawai ba ya nuna komai. A zana watanni a kwance, kaso a tsaye, a ɗiga kowane wata. Bayan ɗigo 10 zuwa 12, a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki ta tsakiya, a ja layi a kanta har zuwa watannin gaba. Alamar sauyi na gaske ita ce ɗigo shida ko fiye a jere duk a gefe ɗaya na layin, ban da waɗanda suka faɗo a kansa, ko ɗigo biyar a jere suna hawa ko suna sauka. Abin da bai kai haka ba kai-komo ne na yau da kullum. Ga abin da ba ya yawan faruwa, kamar mutuwar uwa, a ƙirga kwanakin da ke tsakanin ɗaya da na gaba.

Gargaɗi: wata mafi muni yawanci wanda ya fi shi sauƙi ne ke bin sa, ko an yi gyara ko ba a yi ba. Kada a yi shelar nasara da ɗigo ɗaya.

10. Zaman bita

Sau ɗaya a wata, minti 45 zuwa awa ɗaya, da likita, malaman jinya, ungozoma, mai ba da maganin barci, mai tsabtace kayan tiyata da mai rajista. A nuna zanen, sannan a ɗauki fayil biyu ko uku a bi su daga shigowa zuwa sallama, ba tare da sunan majinyaci ko na ma'aikaci ba. Tambayar ita ce a ina tsarin ya gaza: maganin ba ya cikin ɗakin tiyata ne, ko ba a san wanda zai ba da shi ba, ko na'urar dafa kaya ba ta kai zafinta ba? Ranar da aka hukunta wani saboda abin da fom ya nuna, daga ranar fom zai fara ƙarya. Kowane zama ya ƙare da aiki ɗaya ko biyu, da sunan mai yi da ranar gamawa, kuma da su za a buɗe zama na gaba. A manna zanen inda ma'aikatan ɗakin za su gan shi.

11. Gwada gyara ɗaya, a sake aunawa

A fara da abin da aka riga aka tabbatar yana aiki. Ga haihuwa ta tiyata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin yanka fata, maimakon jira sai an ɗaure cibiya. Ta kuma hana aske wurin da reza, domin ƙananan yankan reza mafaka ce ga ƙwayoyin cuta. Jerin binciken tiyata mai tambaya 19 da hukumar ta fitar a 2008 ma yana cikin abin dubawa: a binciken da aka wallafa a 2009 daga asibitoci takwas, mutuwa ta sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7.

A rubuta abin da za a canza da abin da ake sa ran gani, a gwada a kan tiyata biyar ko aikin mako ɗaya, a duba abin da ya faru, a gyara, sannan a faɗaɗa. A sa alama a zanen a ranar da aka fara. Ma'aunin aiki shi zai fara motsi, cikin makonni, don haka a riƙa duba shi kowane mako. Sakamakon kansa yakan ɗauki watanni. Idan ma'aunin aiki ya haura kashi 90 amma ciwon bai ragu ba bayan wata shida, to matsalar tana wani wuri, sai a koma fayiloli a duba tsabtar kaya, tsawon naƙuda kafin tiyata, da yadda ake wanke ciwo.

Gargaɗi: canza abu uku a rana ɗaya yana hana sanin wanda ya yi aiki. Haka kuma da zarar bibiya ta inganta, adadin ciwo yakan fara hawa, domin yanzu ana ganin abin da da yake ɓoye. A sanar da shugabanni wannan tun kafin zanen farko ya isa teburinsu.

Idan sabon matakin ya tsaya wata shida a jere, a ja sabon layin tsakiya daga waɗannan watanni, a rage bibiyar zuwa wata ɗaya cikin kowane uku, a mayar da lokacin da aka samu kan sakamako na biyu, a fara masa daga takardar ma'ana.